Viollet-le-Duc: Maginin da ya ceto tsofaffin gine-ginen Faransa, aka shekara ɗari ana sukarsa

Ranar Alhamis 11 ga watan Afrilun 2019, ma'aikata suka sauko da mutum-mutumi 16 na tagulla daga kan rufin majami'ar Notre-Dame da ke tsakiyar birnin Paris, domin a kai su gyara. Bayan kwana huɗu gobara ta tashi a rufin. Kafin dare ya yi, doguwar hasumiya mai tsini da ke tsakiyar ginin ta karye ta rufta, duniya na kallo ta talabijin da wayoyin hannu.

Cikin waɗanda aka sauko da su akwai na Toma, ɗaya daga almajiran Annabi Isa 12. Sauran duk birni suke fuskanta. Shi kaɗai ne ya juya baya, ya ɗaga kai yana duban hasumiyar, hannu a goshi, sandar awo a ɗaya hannun. Fuskar da aka ƙera masa kuwa ta mutumin da ya zana hasumiyar ce: Eugène Viollet-le-Duc.

Da yawa daga waɗanda suka zubar da hawaye a daren sun ɗauka hasumiyar ta kai shekara 800, kamar ita majami'ar da aka aza harsashinta a 1163. Shekararta 160 ne kacal. Haka ma dodannin dutse da ke leƙen birni daga saman ginin, waɗanda masu yawon buɗe ido ke rububin ɗaukar hoto da su. Duk aikin mai gyara ne, kuma a kan irin wannan aiki aka daɗe ana jayayya game da shi.

Yaron da ya ƙi makaranta

An haife shi a Paris ranar 27 ga watan Janairun 1814. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne, wanda daga baya ya zama mai kula da gidajen sarautar Faransa. Kawunsa, Étienne-Jean Delécluze, mai zane ne kuma mai sharhi a jarida, kuma gidansu matattara ce ta marubuta. Cikin masu zuwa hira akwai Prosper Mérimée. A riƙe wannan suna, zai dawo.

A wancan zamani, duk saurayin da ke son zama mai zanen gine-gine a Faransa makarantar École des Beaux-Arts yake nufa, inda ake koyar da salon tsoffin Girkawa da Rumawa, ana yi wa gine-ginen Faransa na ƙarni na 12 da na 13 kallon aikin jahilai. Viollet-le-Duc ya ƙi shiga. Ya ɗan zauna a ƙarƙashin wasu masu zanen gini biyu, sannan ya kama hanya da fensir da takarda, yana bin garuruwan Faransa yana zana coci-coci da ganuwa da gadoji. Ya yi aure a 1834, ya tafi Italiya a 1836 ya yi fiye da shekara guda yana wannan aiki.

Ba zanen ƙawa kawai yake yi ba. Yakan hau rufi, ya duba yadda aka ɗora dutse kan dutse, ya gano inda nauyi ke sauka da inda ruwa ke bi. Wannan shi ne karatunsa, kuma bai taɓa samun takardar shaidar kammala wata makarantar gini ba har ya mutu.

Cocin da kowa ya gudu

Faransar da ya zagaya cike take da kangaye. Juyin juya halin 1789 ya ƙwace dukiyar coci, aka sayar da wasu gine-gine, wasu aka mayar da su rumbu ko barikin soja, wasu kuma 'yan kwangila suka riƙa ɓamɓarar duwatsunsu suna sayarwa. A 1831 marubuci Victor Hugo ya fitar da littafinsa mai suna Notre-Dame de Paris, wanda ya sa jama'a suka fara jin kunyar halin da majami'ar ke ciki. A 1834 aka naɗa Mérimée babban sufeton gine-ginen tarihi.

A wani ƙaramin gari mai suna Vézelay akwai coci na ƙarni na 12 a kan tudu, wanda bangonsa ya tsattsage, itatuwa suka tsiro a jikinsa, duwatsu na faɗowa. Manyan masu zanen gini ba su yi sha'awar taɓa shi ba, don kada ya rushe a hannunsu sunansu ya ɓaci. A 1840 Mérimée ya miƙa aikin ga Viollet-le-Duc, yana ɗan shekara 26, bai taɓa gyara ko da ɗaki ɗaya ba.

Ana iya cewa sanayya ce ta ba shi aikin, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ginin bai faɗi ba. Ya tokare shi da katako, ya sake gina ginshiƙan da ke dafe da bango daga waje, ya warware bakan rufin da suka sakwarkwace ya sake ɗaura su, ya rage nauyin da ke kansu. An kai 1859 kafin a gama. Cocin na nan tsaye har yau.

Babban abokin gaba: ruwa

A 1844 shi da abokinsa Jean-Baptiste Lassus suka ci gasar gyaran Notre-Dame. Shekararsa 30.

Abin da suka tarar ya isa ya karya gwiwar kowa. A 1793 masu juyin juya hali sun jefo mutum-mutumin sarakuna 28 da ke jere a fuskar ginin, suka sare kawunansu, a zatonsu sarakunan Faransa ne, alhali sarakunan Yahuza ne na cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista. Kafin nan, a 1771, an cire ginshiƙin tsakiyar babbar ƙofa don kawai jerin gwanon biki ya samu wucewa. Tsohuwar hasumiya ta ƙarni na 13 ta lalace har aka sauke ta a ƙarshen ƙarni na 18. Lokacin da Napoleon ya zo a naɗa shi sarki a 1804, labule da ƙyallaye aka rataya aka rufe ɓarnar.

Amma ɓarnar da ta fi duka ba ta hannun 'yan tawaye ba ce. Ta ruwa ce, da ta masu gyara marasa sani.

An gina Notre-Dame da farin dutse na yankin Paris, wanda yake da taushin sassaƙa amma yana shan ruwa. Idan ruwan sama ya shiga cikinsa, sanyin hunturu ya zo ruwan ya daskare, sai ya kumbura ya tsaga dutsen daga ciki. Shekara bayan shekara fuskar dutsen na ɓarewa kamar ɓawon albasa. Maginan farko sun san haka, shi ya sa suka yi wa ginin dogayen indararo na dutse masu siffar dabbobi da baki buɗe, domin su watsa ruwa nesa da bango. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san abin da ke faruwa da katanga idan indararo ya karye a tsakiyar damina. A ƙarni na 18 kuwa an sassare da yawa daga cikin waɗannan indararo, aka sa bututun dalma a madadinsu.

Sai kuma masu faci. Inda dutse ya ɓalle, sai su liƙe da siminti ko wani kwaɓi mai tauri, su ɗaure da ƙarfe. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa dutsen da aka ce ya riƙe. Siminti kuma ya fi dutsen tauri, yana hana damshi fita, sai dutsen ya ruɓe a bayansa alhali daga waje komai fes.

Viollet-le-Duc ya tsani irin wannan aiki. A watan Fabrairun 1849 shi da Mérimée suka rubuta ƙa'idoji ga masu kula da manyan majami'un ƙasar. Abin da ke ciki ba ya kama da na mutumin da aka sani da gina hasumiya. Sun nuna cewa kulawa ta yau da kullum ita ce gaba da komai, babban gyara kuwa larura ce mara daɗi wadda kulawar kirki ya kamata ta hana zuwanta. A riƙa duba rufi da magudanan ruwa. Dutsen da ya ruɓe a cire shi, a sa irinsa, mai girmansa, a aza shi yadda aka aza na farko. A guji faci da liƙe-liƙe.

Haka ya yi a Notre-Dame tsawon shekara 20. Aka riƙa zare ruɓaɓɓun duwatsu ɗaya bayan ɗaya ana maye gurbinsu. Aka dawo da indararo. Aka sake gina wasu ginshiƙan tokare. Babbar tagar nan mai siffar fure da ke gefen kudu, wadda ta daɗe tana barazanar ruftawa, ya warware ta gaba ɗaya ya sake haɗawa. Ya yi amfani da ɗaukar hoto, wanda sabon abu ne a lokacin, don adana yadda ginin yake kafin a taɓa shi, kuma ana rubuta aikin kowace rana a littafi.

Wata matsalar ita ce ma'aikata. Sana'ar sassaƙa dutse da haɗa gilashi mai launi da ƙera dalma a salon dā ta kusa ɓacewa. Dole ya tara masassaƙa da maƙera da kafintoci ya zana musu komai dalla-dalla, har filin aikin ya zama kamar makaranta. Adolphe-Victor Geoffroy-Dechaume da yaransa ne suka sassaƙa sabbin sarakuna 28. Kawunan na asali kuwa ba a sake ganinsu ba sai 1977, lokacin da masu haƙa a harabar wani banki a Paris suka tono 21 daga cikinsu. Yanzu suna gidan tarihi na Cluny.

Kuɗi ma sun ba da wahala. Majalisa ta ware faran miliyan 2 da dubu 650 a 1845, suka ƙare a 1850, aiki ya tsaya cik na wani lokaci. Kafin a gama an kashe sama da miliyan 12. Lassus bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a 1857.

Inda ya wuce gona da iri

Bayan rasuwar Lassus, wanda ya fi shi taka-tsantsan, babu mai ja masa birki. A 1859 ya ɗora sabuwar hasumiya mai tsayin mita 96, wadda ta ci katakon itacen oak tan 500 da dalma tan 250. Ta fi tsohuwar tsayi da ado. Dodannin da ke kan baranda tsakanin hasumiyoyin gaba guda biyu kuwa ba indararo ba ne, ba sa zubar da ko ɗigon ruwa. Daga kansa ya fito da siffofinsu. Har ma ya zana yadda hasumiyoyin gaba za su kasance in an ɗora musu tsini, sai dai ba a gina ba. An yi bikin kammala aikin a watan Mayun 1864.

Bai ɓoye ra'ayinsa ba. A cikin ƙamus ɗinsa na gine-ginen Faransa, mai juzu'i 10 da ya fito tsakanin 1854 da 1868, ya bayyana cewa maido da gini a wurinsa ya wuce faci ko kulawa. Yana nufin kai ginin ga cikar da ta dace da shi, ko da bai taɓa kasancewa a haka ba a tarihinsa. Wannan magana ita ce sandar da aka riƙa dukansa da ita har bayan ransa.

A Carcassonne da ke kudancin Faransa aka fi ganin amfani da illar wannan ra'ayi a wuri guda. Birni ne mai ganuwa biyu, tsawonsu kusan kilomita 3, da hasumiyoyi 52. Ya lalace har an kusa rushe shi, sai da wani ɗan garin mai suna Jean-Pierre Cros-Mayrevieille da Mérimée suka tashi tsaye. Viollet-le-Duc ya kama aikin ganuwar daga 1853. Ya ceto ta, babu shakka. Amma ya rufa hasumiyoyin da rufi mai tsini na fallen baƙin dutse irin na arewacin Faransa, a yankin da aka saba da rufin jan yumɓu. Sannan talakawan da suka gina gidajensu a tazarar da ke tsakanin ganuwar biyu, aka tashe su sannu a hankali aka rushe gidajen, domin ganuwa ta fito sarai. Littattafan yabo ba su cika tsayawa kan waɗannan mutane ba.

Pierrefonds ta fi ban mamaki. Fada ce da aka rusa tun 1617, ta zama kango. A 1857 Sarki Napoleon na Uku ya ba shi aikinta, kuma abin da ya fito kusan sabon gini ne a kan tsohon harsashi. A nan kam ko masoyansa ba sa kiran abin gyara.

A Ingila, marubuci John Ruskin na ganin duk wannan salon yaudara ne. A littafinsa na 1849 ya nuna cewa tsohon dutse na ɗauke da hannun wanda ya sassaƙa shi da alamun shekaru, in ka sauya shi da sabo ka kashe ginin ka ajiye gunkinsa. William Morris ya ɗora a kan haka ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. An saba nuna Ruskin da Viollet-le-Duc a matsayin kishiyoyi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a wannan shekara ta 1849 ɗin, dukansu biyu shawara ɗaya suka bayar a kan matakin farko: a kula da rufi da hanyar ruwa tun wuri. Sun rabu ne a kan abin da za a yi idan an riga an makara. Ruskin na iya cewa a tokare gini a bar shi ya tsufa da mutuncinsa. Shi kuwa Viollet-le-Duc gini aka damƙa masa yana zubar da duwatsu a kan masu ibada.

Shekarun ƙarshe

Makarantar da ya raina ba ta manta ba. Da gwamnati ta naɗa shi malami a École des Beaux-Arts a ƙarshen 1863, ɗalibai suka riƙa yi masa ihu da buga ƙafa a aji. Bayan 'yan darussa ya ajiye aikin a 1864.

Da sojojin Prussia suka yi wa Paris ƙawanya a 1870, yana ɗan shekara 56, ya shiga rundunar injiniyoyi ya yi aikin kare birnin da muƙamin laftanar kanar. Daular Napoleon na Uku ta faɗi, shi kuma ya koma ɓangaren 'yan jamhuriya. A 1874 ya ajiye muƙaminsa na sufeton gine-ginen coci bayan takun saƙa da malaman cocin, aka kuma zaɓe shi kansila a majalisar birnin Paris.

Duwatsu ba su bar ransa ba. Ya shafe shekaru yana hawa yankin tsaunin Mont Blanc yana awo, ya fitar da taswirarsa a 1876. Tsohon ɗalibinsa Auguste Bartholdi ya nemi taimakonsa kan yadda za a tsayar da katafaren mutum-mutumin 'yanci da Faransa za ta bai wa Amurka, kuma shi ne injiniyan farko na aikin. Mutuwa ta riske shi kafin a yi nisa, Gustave Eiffel ya karɓa ya sauya tsarin cikin.

Ya rasu ranar 17 ga watan Satumbar 1879 a birnin Lausanne na ƙasar Switzerland, inda yake gyaran babbar majami'ar garin. A can aka binne shi. Gidan da ya zana ya gina wa kansa a Lausanne, mai suna La Vedette, an rushe shi a 1975, shekarar da nahiyar Turai ta ware don kare gine-ginen tarihi.

Bayan ransa

Tsawon kusan ƙarni guda sunansa ya zama misalin yadda bai kamata a yi gyara ba. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda masu kula da kayan tarihi a duniya ke bi, ta tanadi cewa mai gyara ya tsaya a inda hasashe ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya zama ana iya bambance shi da na asali. A Carcassonne an sauya rufin wasu hasumiyoyi zuwa jan yumɓu a shekarun 1960. A birnin Toulouse kuwa, wajajen 1990, an cire ƙarin da ya yi wa saman cocin Saint-Sernin. Abin dariya, mutanen garin suka fito suna adawa, domin su cocin da suka tashi suka gani ke nan.

Sannu a hankali ra'ayi ya juya. Da hukumar UNESCO ta sa Carcassonne cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, ta ambaci gyaran nasa a matsayin ɗaya daga dalilai.

Shawararsa ta 1849 ce dai ba ta samu masu bi sosai ba. Zuwa 2017, jikin Notre-Dame daga waje ya sake lalacewa. Inda indararon dutse ya karye, bututun roba aka soka. Inda shingen baranda ya ɓalle, katako aka kafa. Gwamnati ce mai ginin bisa dokar 1905, kuma kuɗin da take bayarwa duk shekara bai isa ba, har aka koma neman tallafi a Amurka. Aikin gyaran hasumiyar da ya daɗe yana jira ne aka fara, aka kewaye ta da ƙarafan hawa, lokacin da gobarar ta tashi.

Bayan gobarar, gwamnati ta sanar da gasar zana sabuwar hasumiya, masu zane suka yi ta fito da ta gilashi da ta ƙarfe. A watan Yulin 2020 Shugaba Emmanuel Macron ya amince a mayar da ta Viollet-le-Duc yadda take, da katako da dalma. Zane-zanen da ya bari masu tarin yawa sun taimaka wa kafintocin wannan zamani. An sake buɗe majami'ar ranar 7 ga watan Disambar 2024.

A tsakiyar 2025 aka mayar da mutum-mutumin 16 gindin hasumiyar, na Toma a ƙarshe. Daga cikin gudummawar sama da Yuro miliyan 800 da aka tara, ragowar an karkatar da ita ga sassan waje da wuta ba ta ci ba amma ruwa ya daɗe yana ci: bangon gabas, ginshiƙan tokare, da ɗakin ajiyar kayan ibada da shi Viollet-le-Duc ɗin ya gina.